Muryar Baba a Motar Kasuwar Libiya

Tun da na dawo daga Sudan ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shagona sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Malam Isiyaku, yaya ƙasar take?" Na ba da labarin har na fara jin tsoron kaina, domin ran nan na ji bakina ya ƙara wani abu da ban tabbata haka ya faru ba. Ni kuwa ba na son in tashi gobe kiyama da ƙarya a wuyana saboda daɗin hira. Shi ya sa na ce gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya tambaya in miƙa masa. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi mini afuwa inda na kauce.

Ƙanena Hamisu ne dalilin tafiyar. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Azare, kuma duk cikinmu Hamisu ne ya gaji muryarsa. Bayan rasuwar Baba ya kama hanyar Makka ta ƙasa, ya ce in ya sauke farali zai dawo. Shekaru suka yi ta wucewa, ba shi ba labarinsa. Sai bara wani alhaji da ya biyo ta Sudan ya zo gaishe da Inna, cikin hira ya ce an nuna masa Hamisu a Umdurman, wai ya zama mawaƙi, a gidajen giya yake waƙa.

Inna ba ta yi kuka ba. Da baƙon ya tafi ta kira ni ɗaki, ta ce, "Isiyaku, kai ne ba ka iya ƙarya ba. Ka je ka gano mini da idonka. In da gaske ne ya ɗauki muryar ubanku ya kai mashaya, na sallama shi, ba ni ba shi har lahira. Rantse ba za ka ɓoye mini komai ba."

Na rantse. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi, domin na san bakin uwa ba abin wasa ba ne, kuma na san duk abin da na gani sai na faɗa.

Kafin in tashi na je wurin malaminmu, na ce an gaya mini ƙasar kiɗa za ni, yaya zan yi da kunnena? Ya ce abin da ya shiga kunne ba da niyya ba babu laifi, laifin yana ga wanda ya zauna yana saurare. Na riƙe wannan da hannu biyu. Duk da haka na ƙunshe auduga a aljihu, don ban yarda da kunnena ba.

A tashar Maiduguri Allah Ya haɗa ni da Hajiya Kande, wata dattijuwa 'yar Katsina mai fataucin goro da atamfa, wadda ta bi hanyar nan har ta gaji da ƙirga. Ta ga ina ta shafa cinyata, ta ce, "Tela, ƙurji ne?" Na raɗa mata cewa fasfo da takardar allura na ɗinke a cikin wando, don kada a sace. Ta ce, "To Allah Ya kai mu iyaka mu sha kallo."

Kallon kuwa an sha shi a Gamboru. Ma'aikacin iyaka ya miƙo hannu ya ce takardu. Ni kuma ɗinkin da na yi, irin wanda nake yi wa kayan amare ne, layi biyu. Na ja, na ciza, zare ya ƙi. Mutane sun yi layi a bayana, rana ta take. Sai da Hajiya Kande ta ciro reza daga bakin zanenta, na zagaya bayan rumfa na tuɓe wando na farke shi. Da na dawo, ma'aikacin ya dubi fasfon ya dube ni, ya ce, "In haka kake ɗinki, malam, ina da yadi a gida."

Muka ratsa ɗan yankin Kamaru, muka haye kogi a jirgin fito muka shiga Injamena. Daga nan babbar mota muka hau, a kan buhuna. Hanyar Cadi ba zan so wa maƙiyina ita ba. Inda rairayi ya kama taya sai a ce maza su sauko, mu shimfiɗa faranten ƙarfe mu tura. A wani busasshen rafi na bar takalmina ɗaya, na tona har na gaji ban gan shi ba, da ƙafa ɗaya a takalmi na shiga Abashe. Kwana kuwa duk inda dare ya yi, a zango ko a gindin mota. Abinci tuwon gero ne da miyar busasshiyar kuɓewa, ba shi da nisa da namu, sai shayi mai sukari kamar zuma. Abin da ya fi damuna shi ne sallar ƙasaru. Kullum sai in tambayi Hajiya ko mun zama mazauna tunda mota ta lalace mun daɗe wuri ɗaya. Ran nan ta ce, "Tela, Allah Ya yi maka sauƙi, kai ka ƙi karɓa. In ka ƙara tambayata zan sa direba ya ɗaure ka a saman kaya."

Ta Junaina muka shiga Sudan, wannan karon fasfona a hannu. A Nyala muka hau jirgin ƙasa, wanda yake tafiya kamar ba ya son isa. Mutane cike, har a kan rufi. A nan na fara gamuwa da waƙarsu. Wani soja da ke komawa gida yana da rikoda a cinya, da ya kunna sai duk taragon ya ɗauka, maza da mata, har da wani dattijo mai carbi a hannu. Na ciro audugata na toshe kunne.

Wata tsohuwa da ke zaune gabana ta zuba mini ido. Can ta yi magana da dattijon, suka girgiza kai cikin tausayi. Ban ankara ba sai na ga ta fito da kwalbar man riɗi, dattijon ya kama kaina ya kwantar a kan gwiwarsa, aka zare audugar aka tsiyaya mini mai a kunne. Sun ɗauka ciwon kunne nake yi. Ba ni da Larabcin da zan ce lafiyata ƙalau, kuma ko da ina da shi, yaya zan ce wa mutanen kirki waƙarku nake gudu? Na dubi Hajiya Kande ta cece ni, ita kuwa ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa. Aka juya ni aka yi wa ɗaya kunnen. Duk tashar da aka tsaya sai tsohuwar ta tambaye ni da hannu ko da sauƙi. Daga ranar ban ƙara taɓa auduga ba.

A Hartum muka rabu da Hajiya, bayan ta kai ni da kanta Umdurman, unguwar Alsawra, gidan wani dattijo da ake kira Haj Usman. Mahaifinsa daga ƙasar Kano ya taso da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a nan, shi kuma a nan aka haife shi. Turare yake sayarwa. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, sai dai rabinta Larabci. Da na fara ba shi haƙuri kan nauyin da zan ɗora masa sai ya ce, "Ya zol, zauna ka sha shayi. Baƙo ba ya ba da haƙuri." Zol shi ne mutum, da shi suke kiran kowa.

Garin uku ne a haɗe, a inda koguna biyu, fari da shuɗi, suka gamu, ruwan ya raba su. Hartum ta ofisoshi, Bahri ta masana'antu, Umdurman ta gidaje da kasuwa. Da safe jama'a su kwarara ta kan gada, wadda suke kira kubri, da rana tsaka su kwararo su dawo. Ba sa karyawa da sassafe kamar mu. Shayi kawai za a sha, sai hantsi ya dubi ludayi kowa ya ajiye aiki, a kewaye kwano ɗaya na ful, wato wani babban wake da ake dafawa ya yi laushi a zuba masa man riɗi. Duk wanda ya zo wucewa sai an kira shi, kuma ba kiran fatar baki ba, har riga ake ja. A gida akwai kisra, kamar sinasir amma siririya kamar takarda, da ɗan tsami. Kwana a tsakar gida ake yi, kan gadon igiya. A ƙofar gidaje da yawa akwai randunan ruwa don masu wucewa, abin da na ce da ma a yi a Azare. Alƙibla kuma ba gabas sak take ba kamar tamu, ta karkata arewa. Sallar farko da na yi ni kaɗai gabas na duba, da na gane sai na sake ta, na sake wadda ke bayanta ma don kokwanto.

Unguwar Alsawra kuwa layi-layi ce, kowane yanki da lambarsa, gidajen duk kama ɗaya. Na fita sayen takalmi na ɓata, na yi sallama a gidan da ba namu ba. Maigidan bai bar ni na fita ba sai da na ci abinci, sannan ya rako ni.

Amma abin da kuka fi tambayata shi ne waƙa, to ga abin da na gani. Garin nan ba a rabuwa da ita. Tana shagon mai aski, tana wurin mai shayi, tana kowace motar haya. Na ga mutum ya ƙi shiga mota saboda kaset ɗin direba bai yi masa ba, ya tsaya a rana yana jiran ta baya. In rediyo ta sako wadda suke so, sai ka ji layi guda ya ɗauka, daga wannan katanga zuwa waccan. Kayan kiɗan akwai wata garaya mai ƙaton ciki da suke kira ud, da goge irin na Turawa, da ganga.

Na ce wa Haj Usman, "Baba, kai da kake limanci a masallacin layin nan, ba ka jin komai?"

Ya ce, "Ni ban ce maka halal ba, ban ce maka haram ba. Abin da na sani, garin nan in ka toshe kunne mota za ta buge ka."

Tunda muna yawon neman Hamisu kullum muna cikin mota, sai ya riƙa fassara mini ba tare da na roƙa ba. Na gaya wa kaina wannan ji ne, ba saurare ba. Ya ce wannan wani ne ya ga wata budurwa a tasha, kafin ya tambayi unguwarsu mota ta tashi da ita, yanzu duk motar da ta tsaya sai ya leƙa. Wannan ɗan ƙauye ne da ya shigo birni ya yi ta yi wa kowa sallama a titi har muryarsa ta dishe, ba wanda ya tsaya. Wannan kuma mai shayi ce a gindin bishiya, ta san sirrin ma'aikatan gari duka, ita kuwa ba wanda ya san inda take kwana. Abin ya ba ni mamaki. A wurinmu mawaƙi sarki yake yabo ko attajiri, ya jero kakanninsa. Waɗannan da aka fassara mini ba su kama sunan kowa ba, sai titi da tasha da zafin rana da jiran mota, amma kowa a cikin motar yana gyaɗa kai kamar da shi ake. Ran nan na dubi ƙasa na ga ƙafata tana bugun daɓen mota. Na danne ta da ɗayar.

Neman kuwa ya ƙi. Mun bi masu wanki da guga, mun bi masu sayar da goro, mun bi zaurukan malamai. Kowa ya san wani Hamisu, amma ba nawa ba. Na fara tunanin ko ya mutu, sai kuma in kama kaina ina cewa in ya mutu ai ya tsira daga bakin Inna, sai in yi istigfari.

Wata safiya muka shiga motar Kasuwar Libiya, wata ƙatuwar kasuwar kayan waje a yammacin gari, don an ce akwai Hausawa masu tireda a can. Muna cikin tafiya direba ya canza kaset. Aka ɗan kaɗa ud, sai murya ta shigo.

Muryar Baba ce. Yadda yake ja in ya kai ƙarshen kiran sallar asuba, da ɗan karyewar nan da take yi a sama, ita ce sak. Na gyara zama. Waƙar da Larabci take, amma can sai ga Hausa tsantsa ta faɗo a tsakiya:

Kubri, kubri, ɗauke ni da sassafe,
Mai rawani da mai kwando kafaɗa ɗaya,
Ba wanda ya san sunan wani,
Rana ta fito, birni ya buɗe baki.

Na kama hannun Haj Usman na ce, "Shi ne." Daɗi da tsoro suka haɗu mini a ƙirji har na rasa wanda zan fara ji. Yana da rai. Kuma maganar alhajin nan ba ƙarya ba ce, mawaƙi ne.

Haj Usman ya yi wa direba magana, nan take motar ta kaure da musu, kowa yana cewa shi ya fi sanin mai waƙar. Ashe kaset ɗin a wurin wani biki aka ɗauka, direbobi suka yi ta kwafa a tsakaninsu. Ba Hamisu suke ce masa ba, Mai Kifi suke kiransa da harshensu. Wata mata mai kwando a baya ta ce su yi shiru duka, a Jabal Awliya yake zaune, ita take sayen kifi a hannunsa.

Jabal Awliya tana kudu da Hartum, inda aka datse farin kogi, garin masunta ne da manoma. Washegari Jumma'a muka tafi tun da safe. Aka nuna mana wani gida na jar ƙasa, wata mata ta fito da goyo. Da Haj Usman ya gaya mata ko ni wane ne, sai ta dafe kai ta durƙusa ta ce, "Yaya Isiyaku! Wallahi kullum sai ya ambace ka. Ya ce kai ne mai wanke hannu kafin ka taɓa sabulu." Sunanta Batula, iyayenta Hausawa ne da suka yi aikin auduga a gonakin yankin Jazira na Sudan. Ta ce Hamisu kullum da asuba yake ɗaukar kifi a mota ya kai kasuwar Umdurman, waƙa kuwa sai Jumma'a in an gayyace shi. Na ce yau yana ina? Ta ce yana Alsawra, wurin walimar wani ango. Da ta kwatanta, Haj Usman ya fashe da dariya. Rumfar da muka ga ana kafawa a bayan layinmu ce da za mu fito.

Muka juyo. Bayan an sauko daga masallaci muka isa. An tare titi da rumfa, maza fari fat da manyan rawuna, mata a gefe guda. Can gaba na hango shi, ya yi ƙiba, ya tara gemu, yana tsaye gaban lasifika, mai ud yana zaune kusa da shi. Ina tsaye ina share ido sai na ga wani ƙato ya miƙe da sanda a sama ya nufe shi. Wani ya bi shi. Na uku takobi ne tsirara a hannunsa. Suna tafe suna girgiza su a saman kai suna ihu, mata suna guɗa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ce a raina ya faɗi abin da ya ɓata musu rai, za su kashe shi a gabana. Na ture kujeru, na taka ƙafar wani, na faɗa tsakaninsu na rungume Hamisu na juya musu baya, ina cewa da Hausa, "Ku yi haƙuri! Baƙo ne! Maraya ne!" Duk wannan a bakin lasifika, unguwa duka ta ji.

Kiɗa ya tsaya. Hamisu ya ɗago fuskata ya duba, ya ce, "Yaya?" Sai ya ƙanƙame ni yana kuka yana dariya. Ya juya ya yi wa taron bayani, wurin ya ɓarke da dariya. Ashe haka suke yi in waƙa ta yi musu daɗi. Mutum ya taso ya girgiza sanda ko takobi ko hannu a saman kan mawaƙi ko ango yana cewa "Abshir," wato albishirinka, shi ne jinjinarsu. Mai takobin, wanda kawun ango ne, ya zo ya sumbaci goshina, ya ce ɗan'uwa irin wannan shi ake nema. Sannan suka kewaye ni ni ma, sanduna a kaina. Na san yanzu murna ce, amma ban buɗe ido ba sai da suka gama.

Na koma Jabal Awliya na zauna da su kwanaki. Ban ɓoye wa Hamisu abin da ya kawo ni ba, kuma na yi aikina. Na bi shi masallaci na ga an san shi a sahun gaba. Na tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. In ya dawo daga gari sai in matsa kusa da shi kamar zan gaya masa magana, ina shinshina. Ran nan ya ce, "Yaya, ƙarnin kifi ne kawai. Ka leƙa ƙarƙashin gado ma, na ga idonka yana can." Na leƙa. Tukwanen Batula ne.

Na ce, "To me ya hana ka aiko da ko gaisuwa?"

Ya ce, "Guzuri ya ƙare mini a nan. Na ce ba zan aika ba sai na sauke farali, kada Inna ta ji kunya. Bana, baɗi, bana, baɗi. Da na samu na je na dawo kuma, sai na ga shirun ya yi tsawon da ban san ta inda zan fara ba."

Na ce, "Maganar gidan giya fa?"

Ya jawo 'yarsa, wadda ya sa wa sunan Inna, ya ɗora ta a cinya. Can ya ce, "Farkon zuwana na yi. Yunwa ce. Akwai wani wuri a bakin kogi, in na yi waƙa a ba ni abinci. Ban taɓa kai ta bakina ba, Allah shaida. Da na samu aikin kifi ban ƙara taka wurin ba. Yaya, wannan ɗin ka bar shi a nan."

Na ce, "Na rantse mata, Hamisu."

Ya dube ni, ya ce, "Na sani. Shi ya sa ta aiko ka ba wani ba. To faɗa mata duka, kada ka rage." Ya ba ni kaset ɗaya ya ce in kunna mata, ta ji da kunnenta abin da yake yi da muryar.

Kaset ɗin nan ni na kashe shi da hannuna. Na ji tsoron kada a ƙwace a iyaka, sai na naɗe shi a tsumma na cusa a butar ƙarfe, na ɗaure butar a jikin mota ta waje. Ranar Cadi ta yi kwanaki tana dukan ta. Da na buɗe a Maiduguri, ya lanƙwashe kamar ganyen da aka gasa.

Na isa gida da la'asar. Inna ba ta bari na sha ruwa ba, ta ce in rufo ƙofa. Na faɗa mata duka: kifin, masallacin, Batula, mai sunanta, hajjin da ya yi. Sannan na faɗi na bakin kogin. Ita kuwa tana ta jan carbi. Na ce ya aiko da kaset amma ya narke.

Ta ce, "Kai ka ji waƙar?"

Na ce, "Ta shiga kunnena, Inna."

"To me yake cewa?"

Na fara ba ta ma'ana, ta ɗaga hannu. "Ban ce ka yi mini tafsiri ba. Yi mini yadda yake yi."

Ni da ko a makaranta in ana waƙa baki kawai nake motsawa. Na duba ƙofa na tabbata a rufe take. Abin kunya, ashe na haddace ta tsaf. Na yi mata baitin kubri, na yi na masu jiran mota. Da na zo na ƙarshe na tsaya, don na san abin da ke ciki. Amma rantsuwa ba ta ware baiti ba, sai na yi:

Kowa a garin nan ɗan wata uwa ne,
Ya ce da ita bayan kaka zan dawo,
Kaka ta zo, kaka ta wuce,
Kogi biyu sun gamu, ni ban gamu da tawa ba.

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta juya fuska bango, ta daɗe a haka. Ni kuwa ina jiran kalmar da za ta fito.

Ta share fuska da gefen mayafi, ta ce, "Tasa muryar ta fi taka?"

Na ce, "Nesa ba kusa ba, Inna."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Da irin taka ce da yunwa ta kashe mini shi a can." Sannan ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Allah Ya yi masa albarka, shi da matarsa da abin da suka haifa. Wanda yunwa ta sa, Allah Ya yafe masa, ni na yafe. Ka nemi mai zuwa ka aika masa, ka ce kaka ta kusa."

Na ce amin har sau nawa ban sani ba. Na tashi zan fita, ina kaiwa bakin ƙofa sai na zauna. Sai a lokacin na ji wata irin yunwa ta taso mini, na ce a kawo tuwo. A zaune a wurin na cinye malmala uku.